Siton da Na Sa Gwaggo Ta Kwashe a Minna

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da wani abokina mai mota, muka nufi Minna. Masu bibiyata sun san sana'ata: ina shiga ma'aikatu ina koya musu rage ɓarna da gyara aiki kaɗan-kaɗan kowace rana. Gonar kajin gwaggona da ke bayan Tudun Fulani ita nake kafa misali da ita a ko'ina, kuma hotunanta zan je ɗauka don in dawo in yi muku burga.

Gwaggo malamar firamare ce da ta yi ritaya, ta zuba duk abin da aka sallame ta da shi a kajin ƙwai. Ba ta da wani abin dogaro bayansu. Bara da na je, na tarar da sito maƙil da abincin kaji na wata guda, ɓeraye na ta biki, buhunan ƙasa sun fara fumfuna. Na ce wannan ɓarna ce tsagwaronta. Na sa aka daina tarawa, aka shirya da mai kawo abinci ya riƙa sauke na kwana uku-uku, siton kuma aka zuba sababbin kaji a ciki. Har allo na kafa a bango, na ce duk ma'aikacin da ya ga abin gyara ya rubuta ya manna. Rani ya wuce lafiya lau, kaina ya kumbura.

Har muka karya kwana a Dikko ba mu ga matsala ba. Daf da Lambata ne hanya ta tsaya cik. Ruwan sama ya cinye kwalta, wata tanka ta kwanta a tsakiya, tireloli sun yi layi iya ganinka. Direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu, wasu har da shanya. Wani ya ce mana kwanansa huɗu a nan. Masu soyayyar doya da ƙwai kuwa kakarsu ta yanke saƙa, ƙwai ɗaya kuɗin biyu. Na yi mita, mai suyar ta ce in na samu mai araha a Minna in sayo mata. Na yi dariya, ban gane ba.

Mutanen ƙauye sun yanka wa ƙananan motoci hanya ta cikin gonaki, da ita muka tsira. Muna tafe a caɓi na hango wata motar kaya a cikin layin, an lulluɓe ta da tamfol, buhunan abincin kaji na leƙowa ta baya. Da muka iso Paiko abokina yana ta yaba tulin doya, ni kuwa hankalina na kan motar nan.

Sai bayan la'asar muka shiga gari. Wari ne ya fara tarbarmu a gonar. Dattijon da ke kula da kajin, wani Bagwari mai furfura, yana tura baro cike da matattu zuwa rami. Abinci ya ƙare kwana uku da suka wuce. Sun zagaye kasuwa, wanda ke shaguna manyan gonaki sun riga sun kwashe, sai dusa suka samu. Kajin suka daina ƙwai, suka koma tsattsagar juna, ga cunkoson sababbin da na sa aka ƙara.

Na gaishe shi. Ya ajiye baron, ya ce, "Malam, sannu da zuwa. Kaji bai san hanya ya lalace ba. Shi dai yana jin yunwa."

Takardarsa na nan a allon da na kafa, ruwa ya ɗan taɓa ta: a ajiye abincin mako biyu kafin damina. Na tuna ta sarai. Gwaggo ta karanta mini ita a waya, na ce komawa baya ne, a bar ta. Mutumin da ya yi shekaru yana jiran motar abinci a bakin ƙofa, ni na amsa masa daga ofis mai sanyi.

Gwaggo na zaune a kan benci, 'yan kasuwa biyu suna ɗaure sauran kajin suna lodawa a keke mai ƙafa uku. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, laifina ne."

Ta ce, "Tashi, ɗan nan. Ka yi don alheri. Ni ma na bi maganar mai boko na bar ta wanda ke kwana da kajin." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunya ta hana ni fito da waya, hoto ko ɗaya ban ɗauka ba.

Washegari muka juyo. A da, tsarabata kullum kiret biyu na ƙwai ce. Wannan karon kaji biyu ta sa aka ɗaure aka saka a but ɗin mota, ta ce su ne suka rage masu ɗan nama. Motar abincin tana nan inda muka bar ta.

Mun iso gida da magariba. Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya yi tsada, kuma ba ni na biya ba. Buhunan da na kira ɓarna su ne garkuwar Gwaggo daga hanyar da ban taɓa bi da damina ba. Shekara nawa ina gaya wa masu ma'aikatu su saurari wanda hannunsa ke cikin aiki, ranar da aka gwada ni na faɗi.

Na buɗe but, ɗaya kazar ta mutu a hanya. Ɗayar aka yi farfesu da ita, yarana suna ta murna suna cewa a kira Gwaggo su yi godiya. Na miƙa musu wayar, na fita waje.