Tankin da Kura Ta Rantse Ta Wanke

Kakarmu Iya Tabawa tana da tatsuniyoyi barkatai, amma akwai guda da take yi tana cije haƙora. Da magariba, a gidanmu na Ƙofar Gayan, mukan zagaye murhu tana tuƙa tuwo, sai ta ce, "Ku matso, ga ta nan tafe. Yau ma ta Kura ce."

Wai Kura ce ta kai wa wani saurayi mai walda tankin man motarta. A ƙa'idar sana'ar, sai an wanke tanki da ruwan zafi da sabulu, an cika shi da ruwa, an bar bakinsa a buɗe, kafin wuta ta taɓa shi. Amma Kura tana sauri. Ta rantse ta wanke shi tas. Saurayin ya ji kunyar ƙaryata sa'ar iyayensa, ya kunna wuta. Tankin ya tashi da shi.

"Ba man ke kisa ba, tururinsa ne!" in ji Iya, tana nuna mu da muciya.

Ƙarshen labarin ne ba ya zama ɗaya. Yau Kura ta faɗa rijiya, gobe ta makance, jibi ta kuturce. Mu muna sheƙa dariya, Iya ko murmushi babu.

Sai da na yi wayo na gane saurayin autanta ne, Baba Sule. Kurar kuwa wani direba ne, Alhaji Mamman, wanda muke durƙusawa mu gaisar a hanyar masallaci. Ko ƙwarzane bai same shi ba. Na tsane shi, kuma ban ce na daina ba.

Bara, ina rumfata ta walda a Ƙofar Doka, sai ga Alhaji Mamman ya tsufa tukuf, da tanki.

"Ɗana, yi mini sauri. Wallahi na wanke."

"Alhaji, ga bokiti, ga famfo. Da hannunka za ka cika shi."

Ya yi ta jido yana nishi. Da ruwan ya tumbatso, sai ga fetur yana ƙyalli a kai. Na sa ya sake, har sau uku.

"Yanzu tsaya nan, kafaɗarka a jikin tawa, sai na gama," na ce. "Ni jikan Tabawa ne."

Ya tsaya a nan har na gama waldar na kashe wuta.

Daga Iya na koyi cewa ana girmama babba, amma rantsuwarsa ba ta wanke tanki. Na so a ce tana raye, in zauna gaban murhu, ni ma in ba ta nawa ƙarshen.