Haƙoran Manjagarar Vendelin

Shekara arba'in da ɗoriya Vendelin yana sassaƙa manjagarar katako a ƙauyensu na kan dutse a Sulobakiya, kuma dokarsa ɗaya ce. Kan manjagara ɗanye ake hudawa, haƙoran kuwa sai sun kwashe sanyi guda a saman murhu suna bushewa. Kan na bushewa sai ya matse su, ko da guduma ba sa fita.

Abin da ke cin ransa 'yarsa Zdenka ce. Tun da ta tafi jami'a ba ta sake tambayar sana'ar ba, ya ɗauka kunyarta take ji. Kwatsam sai ga wasiƙarta. Wai kalmar nan tasu ta haƙori, "zub", masana sun ce asalinta ɗaya da fegin katako a bakin Girkawa da matsefi a bakin Jamusawa. Kuma ranar Asabar tana nan tafe da malaminta, ya ga aikin.

Zo ka ga tsoho! Har akuyar maƙwabta sai da ta ji labarin.

"Apoloniya! Ashe Girkawa ma sun san da ni!"

"Girkawa ba su san ka ba, maigida," in ji matarsa. "Sha miyar kabejinka kafin ta huce."

Ina ya ji? Busassun haƙoran nasa sun yi duhu, shi kuwa fari tas yake so baƙo ya gani. Mutumin da bai taɓa karya dokarsa ba ya sari ɗanyen reshe, ya fiƙe haƙora goma sha shida, ya buga.

Ranar Asabar malamin ya juya manjagarar yana ta yabo. Zdenka ta karɓa. Ta sansana, ta danna farce a haƙori ɗaya, ta ɗago kai.

"Haba Baba! Ɗanye? Kafin a gama tara ciyawa duk sun zube!"

Ta cire rigar sanyinta, ta miƙa hannu saman murhu ba tare da ta duba ba, ta ɗebo busassun.

"Miƙo min guduma."

Vendelin ya miƙa mata. An yi masa tsiya a gaban baƙo, amma daɗi ya hana shi tsayawa wuri ɗaya.

"Apoloniya!" ya ƙwala kira, hawaye na bin gemunsa. "Fito ki gani, ta kama ni!"