Gwiwar da Ta Yi Magana da Yawun Damagaram

Karatuna na lakwal, wato makarantar boko, bai kai ko'ina ba. Na iya cewa "wi mushe", na iya sa hannu ba tare da dangwala yatsa ba, shi ke nan. Amma a ƙauyenmu na bakin tafkin Gidimuni wannan ya isa a ce da mutum masani. Shi ya sa da labari ya zo cewa ƙungiyoyin farar hula za su tattara muryar talaka su kai wa 'yan takara a Yamai kafin zaɓe, maigari bai wahalar da kansa ba, ya ce ni zan je taron a birnin Damagaram.

Saƙo ɗaya aka ba ni, wanda ko ba a ba ni ba da shi zan tafi: rairayi yana cin tafki. Tudun da a da muke hangowa daga nesa ya gangaro ya binne garkar maƙwabcina, ya tsaya a bakin tawa yana kallon dabinaina kamar baƙon da ya ji ƙamshin miya. Buƙatarmu ita ce duk wanda ya ci zaɓe ya sa a kafe tudun nan da shinge da itatuwa.

Aka shigar da mu wani babban ɗaki mai na'urar sanyi, wadda suke kira kilim. Mai jan taron wani matashi ne mai takalmi kamar bakin tsuntsu, muna ce masa mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal. Ya yi jawabi da Faransanci, sannan ya maimaita da Hausar da ta fi Faransancin wuyar ganewa. Abin da na tsinta shi ne, ba za a ɗaga hannu ba, don talaka yakan kalli hannun babba kafin ya ɗaga nasa. Masana sun gano dabarar da ta kashe wannan ciwon har abada.

Ga dabarar. Aka raba mana dabino, aka ce mu ci mu riƙe ƙwallon, shi ne ƙuri'armu. Aka jera ƙorai tun daga gaban ɗaki har bakin ƙofa, kowace da hoto a jikinta: likita, lakwal, hanya, taki. Ƙwaryar tafki tana can ƙarshe, kusa da takalman mutane. Ta farko kuwa, dab da kujerun manya, hoton wasu ne zaune a tebur da goran ruwa a gabansu. Na tambayi mushe wace masifa ce wannan. Ya ce ba masifa ba ce, ƙarin atiliye ne, wato a riƙa kiran irin wannan taro don wayar mana da kai.

"Za mu fara da gwaji," in ji shi. "Kowa ya tashi. Nan babu babba babu yaro."

Wata mai sayar da man gyaɗa daga Takieta ta ce a hankali, "A gidanku dai."

Ba wanda ya motsa. Duk ido ya koma kan Baba Alhaji, wani tsohon Babarbare na Zango da ya yi fataucin fata tun iyayenmu suna da haƙora. A ƙasar nan ba a kai hannu akushi kafin babba, balle a kai ƙwallo ƙwarya. Baba ya tsotse dabinonsa a natse, ya miƙa hannu yana zaune, ya zuba ƙwallayensa duka cikin ƙwaryar masu goran ruwa. Sai jama'a suka tashi ɗaya bayan ɗaya, cikin cikakken 'yanci, suka bi sahu.

Ni kaɗai na taka har ƙofa. Ƙwallona ya faɗa ƙwaryar tafki, ƙwal, duk ɗakin ya ji.

"Malam na Gidimuni," in ji mai man gyaɗa, "kai ka fi Baba sani ke nan? Lakwal ta yi rana."

Da aka tashi azahar na durƙusa gefen tsohon. "Baba, me ka hango a ƙwaryar nan da mu ba mu hango ba?"

"Ƙwarya? Ɗana, ni ko hoton ban gani ba. Ita ce kusa. Gwiwa."

Nan na gane siyasa, wadda wasu sai sun je Faransa suke koyonta. Ana can ana fama da shinkafa, na sulale na ɗauko ƙwaryar tafki na ajiye ta gaban kujerar Baba, na kai ta masu goran ruwa wajen takalma, inda ya dace da ita. Na dawo na ci nama da zuciya ɗaya. A raina har na ga tudun nan an sa masa takunkumi.

Aka koma ɗaki, aka raba sabon dabino, mushe ya ce yanzu ne na gaske. Sai Baba Alhaji ya yi gyaran murya.

"Wannan sanyin naku yana shiga mini ƙashi. A kai ni bakin ƙofa in ji rana."

Samari suka ruga suka ɗauki kujerarsa. Ina kallo aka dire shi kusa da takalma, hannunsa na dama yana lilo a kan ƙwaryar masu goran ruwa, wadda na kai da ƙafata.

"Baba!" na ce. "Tafki yana nan gaba!"

"Ruwa ai na Allah ne, ɗana."

"Malam na Gidimuni," in ji mushe, "ba a kamfe a cikin ɗakin zaɓe."

Ƙwallayen suka zuba. Jama'a suka miƙe suka tafi har ƙofa, tafiyar da ɗazu ba wanda ya yi mini. Mushe ya ɗaga ƙwaryar sama, idonsa har da ƙwalla. Ya ce sau biyu, a wuri biyu daban, talakan Damagaram ya nuna cewa ƙishirwarsa ta ilimi ce, kuma wannan ba ra'ayi ba ne, kimiyya ce. Aka tafa. Baba Alhaji ma ya tafa, da ya ji ana tafi.

Bayan nan na ji 'yan takara a rediyo suna rige-rigen alkawarin wayar da kan manoma, kamar yadda manoma suka nema da bakinsu. In faɗi gaskiya don Allah, wannan alkawarin an cika shi. An kira ni atiliye har na ƙoshi. Akwai ma wanda aka yi kan rairayi, aka haska mana hoton tudu a bango, aka bayyana mana yadda yake tafiya. Na gode musu, don ni a da na zaci a kabu-kabu yake zuwa.

Ina dawowa daga wannan ne na tarar dabinaina sun nutse har wuya, kawunansu kaɗai a waje kamar masu wanka a tafki. Matata ta karɓi goran ruwan da na zo da shi, ta juya shi, ta ce, "Malam, a wane layi za mu dasa wannan?"

Baba Alhaji ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, bai taɓa sanin ya tsara wa ƙasa manufa ba. Yanzu duk inda aka taru a yankinmu ni ake jira in fara kai hannu, kuma gwiwata lafiya lau, ko ƙwarya tana Takieta zan taka. Sai dai ba a ƙara kiranmu jefa ƙwallo ba. Garkar kuwa, in yara sun tambaye ni, nakan hau tudun in buga ƙafa in ce, tana nan.