Kunyar Ɗan Fari a Gaban Likita

Ɗan farin yayata bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Ka zaunar da shi a tabarma, kafin ka juya yana kan amalanken maƙwabta. Amma ka ba shi murafun kwalba, sai ya wuni yana jera su a rairayi, in wani ya taɓa guda sai yaron ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu. A garinsu Sukukutane an ce aljana doguwa ce, an yi rubutu, an yi turare, shiru. Da mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya gaji, ya ce kada a sake kawo shi sai likita ya faɗi abin da ke damunsa.

Ni ke zaune a Dogon Dutsi, don haka wurina suka sauka da aka ce wata likitar yara ta zo daga Yamai. Ta daɗe tana kallonsa yana zagaye ɗakin. Ta ce abu biyu take zato, rashin natsuwa irin wanda ake ba magani, da otizim, wanda ke sa yaro ya janye daga mutane. Sukan haɗu a yaro ɗaya, kuma awon jini ba ya nuna su. Sai ta ji yadda ya taso tukuna.

"Da shina ƙarami, in kin kira sunanai, shina waigowa?"

Yayata ta sunkuyar da kai. "Ban kiran sunanai, likita. Ɗan hwari na."

"In kina ba shi nono, shina kallon idonki?"

"Ni in tsaya kallonai? Mi mutane ka cewa?"

"To yaushe ya soma magana?"

"Innarmu ta ɗauke shi tun yaye. Ita ta sani."

Inna kuwa ta riga mu gidan gaskiya. Ni a lokacin ina karatu a Dosso. Abin da ya fi ƙona mini rai, rashin kallon idon manya da likita ke tambaya a kai, shi duk dangi suka yi ta yabo, wai yaro mai ladabi. Babu wanda ya yi laifi, kowa al'ada ya bi, sai na rasa wanda zan huce a kansa.

Likita ta ce ba za ta yi kirdado da ɗan mutane ba, maganin da zai natsar da wani yana iya ƙara hargitsa wani. A dawo in ta sake zuwa. Yaushe? Ita ma ba ta sani ba. Lakwal dai ya ci gaba babu shi.

A tasha muna jiran mota, yana tsugune yana tsintar murafai. Sai na ji yayata ta kira sunansa a hankali. Bai waigo ba. Ta sake kira da ƙarfi, a gaban 'yan kamasho da masu tallar ƙosai. Ko motsi.

Ta juyo, idonta ya kawo ruwa. "Ciwon na ya hana shi, ko ko muryata ta bai sani ba?"