Malamin da Ya Hana Ni Sake Take

Ina jera littattafai a laburaren jami'a ƙanin Malam Isiyaku ya kira ni daga garinsu Faskari. Sai da ya hau tudu kafin ya samu layi. Ya ce, "Yaya ya cika da hantsi, har an kai shi." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasa tsakanin kantoci, na rasa wanda zan faɗa wa.

Malam ne mai duba bincikena na digiri na biyu a fannin kimiyyar laburare. Ya ƙarar da shekarunsa yana bin diddigin abin da masu bincike a fanninmu suke rubutu a kai a faɗin Najeriya. Wanda bai san shi ba zai yi dariya in ya ga yadda yake aikin. Tabarma yake shimfiɗawa a ofis, ya kwaso kundaye da mujallu, ya riƙa kasa su kamar mai sayar da tattasai. Kashin kwamfuta da intanet yakan kai masa gwiwa. Na manoma da makiyaya kuwa, da hannu ɗaya yake ɗauka.

Ya san dalili. Takardun tambayoyinmu a cikin makaranta muke rabawa, domin nan ƙafa take kaiwa. Yakan ce, "Bincikenmu akuya ce a turke, iyakar igiya iyakar kiwo."

Shi ya ba ni take: yadda mutanen ƙauyukan Damari da Pauwa da Tafoki suke samun labarin ko hanya lafiya, ko kasuwa za ta ci. Na yi ta noƙewa. Ya ce, "Kai ɗan Ƙanƙara ne. In ba ka tambaye su ba, wa za ya tahi?"

Sai 'yan bindiga suka tare hanyoyin. Sashenmu ya ce in koma kan yadda ɗalibai suke karatu a waya, kamar kowa. Malam ya zo taron sashen yana dogara sanda, ya roƙa mini lokaci. A waje ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ka tahi yanzu, matacce bai rubuta babi na huɗu. Amma kada ka sake take." Bai taɓa tura ɗan wani inda ba zai tura nasa ba.

Yanzu an ba ni zuwa ƙarshen zango: ko in kawo bayanai daga ƙauyukan, ko in sake take, ko in bar karatun. Wallahi ban san abin yi ba, kuma wanda zan tambaya ya tafi.

Ko gaisuwar ta'aziyya a waya na yi, mahaifiyata ta rantse ba zan bi hanyar ba. Hajiya, matar Malam, ta ce zaure cike yake da mutanen Damari da suka gudo gari, kwana suke suna ba da labarin yadda suka fito. Mutanen da ya ce in saurara ke nan, suna zaune a gidansa, ni ina nan.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makoma. Allah Ya ba Hajiya da yara haƙuri, Ya tsare su. Ya Allah, Ka buɗe mana hanyar nan, ko kabarinsa in je in gani.