Tulun Irin Kaka

Har yanzu in ruwan farko ya sauka a kan rairayi, ƙamshin nan ya tashi, sai gabana ya faɗi. Bari ka ji dalili.

Ina 'yar shekara tara a Gure fara ta cinye mana gonaki. Kakata ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki ƙwarya ta ja ni daji, ta nuna mini abin da ƙasar nan ke ɓoye wa mai haƙuri. Muka sussuke ƙarangiya har tafin hannunmu ya yi jini. Muka tsinko 'ya'yan anza, tana jiƙa su kwana da kwanaki, tana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Ta ce itacen da ya ƙi mutuwa a fari shi ke riƙe mutum.

Abu ɗaya ta hana a taɓa: tulun irin hatsi da ta liƙe da laka ta binne bayan ɗakinta. Ni kaɗai na ga wurin.

Kullum da rana tsaka, in mutanen gida sun tafi rijiya, sai in tone, in ɗebi cikin hannu ɗaya in tauna ɗanye, in mayar da laka. Cewa nake ɗan wannan ba zai nuna ba.

Ran da ruwa ya sauka aka tono tulun, ko rabi bai kai ba. Babana ya tsaya yana huci.

"Inna, wa ya yi wannan?"

"Gara ce."

"Gara a tulun da aka liƙe?"

"Na ce maka gara ce, ɗana. Ɗauki sungumi, ƙasa na shan iska."

Ko kallona ba ta yi ba. Ƙwaya uku-uku ta sa aka jefa a rami, sauran gonar ta sa aka shuka guna, kankanar daji. Muka rayu, amma hatsin bai kai mu rani ba. Dole yayana, mai goya ni a wuya zuwa kasuwa, ya bi ayari zuwa Kano neman abinci. Bai dawo ba.

Yau iri a buhu ake kawo shi cikin mota, jikokina ba su san ɗacin anza ba, na kuwa gode wa Allah. Kaka ta rasu ban faɗa mata ba. Ni dai na tsufa, gwiwa ta ƙi, amma in aka ce ga baƙo daga Kano, sai in ga na miƙe.