Waƙar Kangon Alhaji

Ranar nan ba na jin zan manta da ita har in koma ga Allah. Hannun mutumin yana wuyan rigata, mashin ɗina yana kwance a bakin kwata, mata sun cika ƙofar kangon suna kallo, kuma ba wadda ta ce a sake ni. Ana gab da kiran Azahar. Bai doke ni ba. Riƙe ni kawai ya yi yana huci, yana nanata magana ɗaya: "Kai ka ce ɗiyana na lasar tuwo? Kai ka ce?"

Na san shi sarai. Manomi ne daga wani ƙauye can bayan Batagarawa, yana cikin waɗanda 'yan bindiga suka tasa da damina, suka shigo Katsina da abin da kai ya iya ɗauka. Gida tara ne suka sauka a wani kangon bene da ba a ƙarasa ba a unguwarmu, nan wajen Ƙofar 'Yandaka. Mai ginin wani Alhaji ne da ke zaune Abuja. Shi wannan manomin ni nake kai shi kasuwa da safe inda yake dako, ni nake kai mishi 'yar wayarsa caji. Ba abokina ba ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma kullum sai mun yi doguwar gaisuwa.

Bari in koma baya kaɗan don a gane yadda aka yi na shiga hannunsa. A aji uku na sakandare na ajiye boko. Ba wani babban dalili, zama ne ba na iyawa. Na yi gareji wata biyar, na yi shagon caji, ƙarshe na kama kabu-kabu don shi ne aikin da ba a zama wuri ɗaya. Addinina ma haka ya yi ta yawo. Akwai lokacin da na ɗauki zafi, na ɗage wando, na daina bin limamin unguwarmu salla saboda yana sakin hannu, na koma masallacin bakin titi inda ake ɗorawa a ƙirji. Har mahaifiyata, Inna, sai da na yi wa wa'azi a kan begen da take rerawa in tana tankaɗe. Bayan shekara biyu zafin ya huce. Ban koma masallacin farko ba, ban zauna a na biyu ba. Ina salla ni kaɗai a ɗaki, wata rana in haɗa biyu, wata rana ta wuce ni. Ba wai na daina yarda da Allah ba ne, tambayoyi ne suka yi mani yawa. Mutum ya yi shuka, ya yi salla, ya fidda zakka, sannan ya kwana a daji yana gudu da jariri a kafaɗa. Ban san wanda zan tambaya ba tare da an ce na kafirta ba, sai na fara zuba abin a waƙa. Ba ta kiɗa ba, rubutacciya. In na samu fili a inuwa in rubuta a waya, in rera, in tura wa abokai.

To wata rana na sauke manomin nan a ƙofar kangon, na tsaya ina kallon wurin, ba ƙofa ba taga, buhuna ne labule. Raina ya ɓaci, na koma gefe na rubuta waƙa mai baiti goma sha biyu. Na farko shi ne ya ja mani:

'Yan gudun hijira a kangon Alhaji,
Sun yi kuka, garinmu babu mai ji,
Muna musu kan ɗora hannu a ƙirji,
Yaransu na lasar tuwo ba ko yaji.

Yanzu in na duba, amsa-amo ne ya ja ni ta hanci. Tunda na rufe layin farko da "Alhaji", dole kowane layi ya ƙare da "ji". Haka na zauna kan mashin ina laluben kalmomi: ji, ƙirji, yaji. Da suka zauna daidai na ji daɗi har cikin raina. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ko gaskiya ne ba. Na haɗa da hoton kangon, ga yaran mutumin nan huɗu a bakin ƙofa, na saki.

Kwana uku ta zaga gari. A tasha na ji wani yana kunna ta, na yi kamar ban san mai ita ba, ina ta murmushi. Ta kai Abuja. Wasu suka dinga zagin Alhaji wai ya bar bayin Allah a wulaƙance, wasu suka ce irin waɗannan kangaye nan ne masu kai wa 'yan bindiga labari ke fakewa. Abin da ban sani ba, Alhaji ya san da zamansu tun ranar farko. Mai unguwa ya gaya mishi, ya yi shiru da gangan. Duk zaman nasu a kan shirun nan yake tsaye, ni kuma na zo na rera shi.

Ranar da nake ba ku labari, wakilin Alhaji ya iso da hantsi, da mai walda, da ƙyauren ƙarfe, da motar ɗaukar kaya. Ya ce kafin Magariba za a rufe gidan, motar kuma za ta kai kowa tasha ya koma garinsu. Garinsu da ba kowa sai masu bindiga. Ni ban ji ba, ina can ina aiki. Na shigo layin kenan manomin ya tare ni.

Wadda ta cece ni wata tsohuwa ce mai koko da duk unguwa ke kira Gwaggo. Ta ratso matan ta ce da shi, "Sake shi, Malam, kar ka ɓata hannunka." Ya sake ni, ya shige ciki bai waiwayo ba. Ita kuma ta tsaya ta ƙare mani kallo daga hula har silifa.

"Kai ne mai waƙa?"

Na ce ni ne, Gwaggo.

"Ba ko yaji? Don ubanka, wa ya daka yajin nan? Kafaɗata har yau ba ta ɗaguwa."

Na ce, "Gwaggo, amsa-amo ne."

"Amsa mi?"

Matan suka kwashe da dariya, har da waɗanda za a kora. A nan na ji abin da ake yi a unguwar da aka haife ni ban sani ba. Wata huɗu gidaje na karɓa-karɓa, yau gidan nan ya yi tuwo, gobe wancan ya yi. Ana shiga da kwanukan ta baya a lulluɓe, don kar magidantan ciki su ji kunya. Inna ma tana ciki. Ashe tukunyar da nake gani tana ƙaruwa ran Talata ba don ni ba ne. Ni kuwa na gaya wa duniya babu mai ji.

Gwaggo ba ta gama ba. Ta ce, "Kuma wa ya ce maka 'yan gudun hijira ne? Kai ka raɗa masu? Mu nan baƙi muka sani."

A lokacin na ɗauka ladabin tsofaffi ne kawai. Sai da yamma na gane ba haka ba ne. Ɗan gudun hijira ana iya rubuta sunansa a takarda, a loda shi a mota, a kai shi inda aka ga dama. Baƙo kuwa na mai gida ne. Ba a ƙirga mishi kwana, ba a tambayarsa yaushe zai tafi, kuma ba mai sallamarsa sai shi ya yi sallama.

Ana idar da Azahar liman ya miƙe ya yi magana gajera, ya ce duk mai ɗaki ko zaure ko rumfa ya ɗaga hannu. Labari ya kai masallacin bakin titi, sai ga malaminsu ya zo da kansa da mutanensa, abin da ban taɓa gani ba. Ba su rungumi juna ba. Gaisawa suka yi a tsaye, gajera. Wani daga baya ya ce cikin raha, "To su baƙin masu saki ne ko masu ɗorawa, a san yadda za a raba?" Liman ya ce, "Yau hannun da zai ɗauki tabarma muke nema, ko ina yake kwana."

Ba wanda ya yi faɗa da wakilin Alhaji. Ba wanda ya ma roƙe shi. Kujera aka kawo mishi da ruwan sanyi, yana zaune aka dinga fita da mutane ta gabansa, gida gida. Ni aka ɗora wa jigilar kaya, kuma ban isa in ce na gaji ba. Tabarmi, tukwane, buhun gero rabi, wata akuya da ta yi ta shurina har gidan malamin bakin titi. Da na biya gida shan ruwa na tarar Inna ta fiddo katifata tsakar gida. Ta ce, "Ɗakinka na mai ɗiya huɗun nan ne. Kai ka koma zaure, ka yi waƙarka can."

Da aka kira La'asar ina ƙofar masallacin unguwa da tukunya a bayan mashin, sai kawai na shiga sahu. Rabona da jam'i an fi shekara. In ka tambaye ni inda na sa hannuna ranar ban sani ba. Ban samu amsar tambayoyina ba, har yau ma ba duka ba. Na dai ji wurin bai yi mani ƙunci ba.

Wajen ƙarfe biyar direban motar ya gaji da jira, ya leƙa kangon ya ga wayam. Ya ce ina mutanen da za a kai tasha? Gwaggo ta ce waɗanne mutane? Ya ce 'yan gudun hijirar mana. Ta ce, "Ba mu san su ba, ɗan nan. Ko za ka bi gida gida ka fiddo wa mutane baƙinsu?" Wakilin ya yi dariya, ya ce da mai walda ya kama aikinsa. Aka liƙa ƙyaure a gidan da ba kowa, mota ta tafi ba kaya.

Sai dai gida takwas aka raba, ba tara ba. Na zaga neman manomin don in kai su gidanmu, ban gan shi ba. Wata mata daga ƙauyensu ta ce tun ana sallar Azahar ya tattara iyalinsa suka fita ta baya. Wai ya ce surukansa sun ga hoton, ba zai zauna a garin da ake rera yunwar ɗiyansa ba. Wani ya ce ya gan su a tasha. Na je, ban same su ba. Ko ƙauyen suka koma, ko wani gari suka nufa, ba wanda ya sani.

Masallatan nan biyu har gobe ba sa bin juna salla. Waƙar ma tana nan tana yawo, na goge tawa amma ba ta gogu ba. Akwai ma waɗanda suka aiko da buhunan masara saboda ita. Gwaggo ta karɓa ta raba, ba ta gode mani ba, ni ma ban sa rai ba. Ina rubutu har yanzu, amma a hankali. Abin da na koya shi ne kafin ka ɗaga murya a kan wahalar mutum, ka je ka tambaye shi, ka kuma tambayi masu ciyar da shi a ɓoye. Unguwarmu ba ta iya tare 'yan bindiga ba, ba ta iya hana mai gida rufe gidansa ba. Abin da ta iya shi ne ta hana a loda mutane kamar kaya, kuma ta yi.

Washegari da safe na kira lambarsa sau uku bai ɗauka ba, sai na rubuta mishi saƙo. Ba ya karanta boko, amma na san zai ba wani ya karanta mishi. Saƙon ya shiga. Amsa ba ta zo ba, daga baya ma layin ya daina shiga. Ga abin da na rubuta:

"Salamu alaikum Malam. Ni ne ɗan kabu-kabu. Abin da na faɗa a kan ɗiyanka ƙarya ne, ban taɓa ganin sun ci tuwo ba miya ba. Ka yafe mani don Allah. Inna ta ce in gaya maka ɗaki yana nan, an share, an sa labule. In kun iso tasha ka yi mani filashin kawai, zan zo in ɗauke ku. A gaida mai ɗaki da yara."